Ƙusa biyu a ƙashin da aka gasa

Ni malamar firamare ce, da yamma kuma ina koyar da matan aure karatun Alƙur'ani a Islamiyyar unguwarmu. A ƙarshen 2016, ina da shekara 41, aka tabbatar mini ina da sankara a can bayan hanci, inda hanci yake haɗuwa da maƙogwaro. Kafin nan an sha zagaye. Kunnena na dama ya toshe, haɓo yana zuwa jefi-jefi, sannan wani ƙulli ya fito a wuyana wanda ba ya ciwo. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce tarin fuka ne na wuya, sai da aka ciri tsoka aka kai gwaji gaskiya ta fito. Irin wannan sankarar tana da alaƙa da ƙwayar bairas ta Epstein-Barr, kuma ba yanke ta ake yi ba, saboda wurin yana da wuyar kaiwa ga wuƙa. Gashi ake yi mata, wato a ƙona ta da hasken wani inji, da kimo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya.

Ba labarin sankarar na zo bayarwa ba. Ita ta tafi, alhamdu lillahi, har yau hoto bai ƙara nuna ta ba. Labarin bakina ne, don shi ne abin da nake kwana nake tashi da shi, kuma shi ne abin da ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini tun farko.

An yi mini gashi a farkon 2017. Ma'aunin gashi sunansa gire, ni kuma gire 70 aka rubuta mini, ana ba ni 2 kullum daga Litinin zuwa Juma'a, zama 35 cikin mako bakwai, tare da ƙarin ruwan sisfilatin, maganin kimo. Ana jiƙa wata roba mai ramuka a ruwan ɗumi a ɗora a fuska ta ɗauki siffarta, da ita ake ɗaure kan mutum a jikin gadon injin don kada ya motsa. Hasken ba a jin sa, ba a ganin sa. A mako na uku ne bakina ya fara faɗa mini cewa ana yin wani abu. Ciki ya saluɓe, gishiri da sukari suka zama ɗaya a harshena, yawu ya yi kauri yana ja, daga nan ya ɗauke.

Daga baya na ji cewa ƙa'ida ita ce a tura mai irin ciwona wajen likitan haƙori kafin a fara gashi. A duba, a cike na cikewa, duk wanda ba shi da rabo a cire shi tun ƙashi yana da lafiya, a bar ramin ya warke kamar mako biyu zuwa uku. Ni ba a tura ni ba. Ba na ƙullatar kowa, don na ga layin da yake gaban injin nan, mutane daga jihohi har da Nijar, kowa yana roƙon Allah kada injin ya tsaya kafin zamansa ya cika. Amma ƙafa ɗaya zuwa wancan sashen da ta rage mini wahalar shekaru.

Mai yawu bai san yana da dukiya ba. Lafiyayyen mutum yana fitar da kusan lita guda a rana bai sani ba. Shi yake wanke haƙora, shi yake kashe tsamin da abinci ya bari, shi yake mayar wa haƙori sinadarin da tsami ya zare masa. Manyan jakunkunan da suke yin sa suna gaban kunnuwa ne, daidai kan hanyar da haske yake bi ya kai bayan hanci, kuma likitoci sun ce in jaka ta sha fiye da gire 26 a matsakaici da wuya ta dawo yadda take. Nawa ba su dawo ba. Na zama mai yawo da gorar ruwa, a aji, a mota, a gefen katifa. Girkin gidanmu ya koma kuɓewa, kuka, karkashi, duk abin da yake da yauƙi, har yaran suka fara ƙorafi. Masu zuwa dubiya kuwa, Allah ya saka musu, abin da suke kawo wa mai bushewar baki shi ne alewa da lemon kwalba da zuma, duk sukari, a bakin da ba shi da abin wanke kansa.

Lalacewar haƙori bayan gashi ba irin wadda aka saba gani ba ce, ta rami a saman turmi. Daga wuyan haƙori take kamawa, daidai bakin dasashi, ta zagaye shi. Ya yi ruwan ƙasa, ya yi baƙi, rana ɗaya ya karye ya bar saiwa a ciki, sau da yawa ko ciwo babu. Na taɓa tsintar rabin haƙorina a cikin ɗanwake. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan gashi, na ƙasa sun fi rabi a wannan hali.

A 2018 wani turmi na ƙasa ta dama ya kumbura mini kunci, aka cire shi a wani ƙaramin asibiti. Wanda ya cire ya tambaye ni hawan jini da ciwon suga, bai tambayi gashi ba. Ramin ya ƙi rufewa. Wata ɗaya, wata biyu, ina taɓa wani abu mai kaushi da harshe, ga wari wanda ni kaina nake ji. Malam, maigidana, ya haska da fitilar waya ya ce, "Malama, wannan fa ƙashi nake gani." Muka koma asibitin koyarwa, aka haɗa mu da likitan tiyatar baki da muƙamuƙi, wanda har yau shi yake duba ni.

Shi ne ya fara yi mini bayanin da ya zauna a kaina. Ya ce haske ba ya bambanta sankara da ƙananan jijiyoyin jinin da suke ciyar da ƙashi. Suna toshewa sannu a hankali, ƙashin ya zauna da ƙarancin jini, ƙarancin iska, ƙarancin ƙwayoyin da suke gyara, yadda wani likita Ba'amurke, Robert Marx, ya bayyana tun 1983. Yana nan zaune lafiya muddin ba a taɓa shi ba. Ranar da aka ji masa rauni, ba shi da abin warkewa, sai wurin ya mutu. Muƙamuƙin ƙasa ya fi faɗawa, musamman ta baya inda turame suke, kuma hatsarin ya fi yawa inda gashi ya haura gire 60. Na tambaye shi shekara nawa zan jira ƙashin ya koma daidai. Ya ce, "Malama, wannan ba ya komawa. Ko bayan shekara ashirin, duk wanda zai sa ƙarfe a bakinki ki fara gaya masa an yi miki gashi."

Nawa ƙarami ne, Allah ya taƙaita. Ya ɗora ni kan fentoksifilin da bitamin E na watanni, da kurkure baki da kiloheksidin, har guntun mataccen ƙashin ya saki da kansa ya zare shi, nama ya rufe. A ɗakin jira na ga waɗanda nasu bai tsaya nan ba. Akwai wani dattijo, mai cire haƙori na kasuwa ne ya cire masa, ruwa yana fita ta wani rami a ƙarƙashin haɓarsa, ana maganar yanke ɓangaren muƙamuƙin gaba ɗaya.

Sauran saiwoyin ƙasa likita ya cire su da kansa, kaɗan-kaɗan, da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin da bayan, yana goge bakin ƙashin ya ɗinke nama a kai, ya jira ya ga warkewa kafin ya taɓa na gaba. Na sama aka ceto yawancinsu da ciko da man goge baki mai ƙarfi. Wanda muke saya a shago yana da fulorayid, sinadarin da yake ƙarfafa haƙori, kamar 1450 a ma'auninsu, nawa 5000 ne, ana gogewa da dare a tofar ba a kurkure ba. Samunsa ma wani aiki ne, sai an yi sautu.

Sai aka yi mini haƙoran roba na ƙasa. Duk wadda ta taɓa wanke-wanke ta san yadda faranti biyu masu laima suke manne wa juna, in sun bushe kuma su rabu ba gardama. Haka haƙoran roba suke, yawu ne yake riƙe su. A busasshen baki suna yawo, suna gugar dasashin da ya riga ya yi siriri, kuma kowace guga tana iya buɗe hanya zuwa ƙashi. Cin abinci ban damu ba sosai, na saba da kunu da fate. Karatu ne ya fi ci mini rai. Sadi da sinun da zayun daga ƙarshen harshe suke fita kusa da haƙoran gaba, ni da nake gyara wa mata su sai ga shi in na zo kansu robar ta ɗaga. Na koma ina sa wata ɗaliba ta biya, ni ina saurare. Biki da suna na daina zuwa. Inna, surukata, ta ce, "Ke 'yar nan, wanda ya tsira da rai yake kukan haƙori?" Gaskiyarta ta wani ɓangaren, amma ita da nata take taunar goro.

Babban ɗana ne ya kawo maganar dashe. Ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙashin ya tsiro ya kama ta, sannan a ɗora haƙori a kai. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya fara sa wa mutum a 1965, don haka ba sabon abu ba ne. Amma duk dabarar ta dogara ne a kan ƙashi ya warke a jikin ƙarfe, ni kuwa an riga an gaya mini warkewa ce ƙashina ba ya iyawa.

Mun fara zuwa wani asibitin kuɗi mai kyan gini. Aka nuna mana hotuna a kwamfuta, aka ce za a dasa sama da ƙasa a ɗora haƙora a rana ɗaya. Na ce an yi mini gashi, aka ce ba matsala tunda an daɗe. A mota Malam ya ce, "Wanda bai tambayi takarda ba, ba zai taɓa ki ba." Malam mutum ne mai ajiya, ko rasit na katin asibiti bai yar ba, duk suna cikin wata tsohuwar jakar Makka.

Likitanmu kuwa takardar ya fara nema. Ya ce jin gire 70 bai ishe shi ba, don wannan na kan sankarar ne. Yana so ya san nawa ne ya sauka a daidai wurin da zai huda. Ya rubuta wa sashen gashi, aka buɗe tsarin da aka yi mini a kwamfuta, mai launi-launi a kan hoton kaina. Bayan muƙamuƙi ta dama ya sha fiye da 60. Muƙamuƙin sama ta baya ma ya sha da yawa. Gaban muƙamuƙin ƙasa, wajen haɓa, bai kai 30 ba. Ya ce abin da aka sani shi ne dashe ya fi faɗuwa inda gashi ya wuce 50, ya fi faɗuwa a sama fiye da ƙasa saboda ƙashin sama ya fi taushi, kuma ba a yin sa sai an bar aƙalla wata shida zuwa shekara bayan gashi, an kuma tabbata sankarar ba ta dawo ba. Don haka ƙusa biyu zai sa, a gaba, tsakanin ramuka biyun da jijiyar leɓe take fitowa, su riƙe haƙoran roba da maɓalli. A baya ba zai sa ba, a sama ba zai sa ba, ko nawa za mu biya.

Raina bai so ba. Ni haƙora nake so na dindindin, waɗanda ba a cirewa a sa a kofi. Ya ce na cirewa sun fi mini, saboda zan iya wanke gindin ƙusoshin da kyau, shi ma zai iya ganin naman bakina duka a kowane zuwa, wanda ga mai tarihin sankara ba ƙaramin abu ba ne. Ɗana ya tambaye shi maganar ɗakin iska mai matsi da ya karanta ana shigar da mutum kafin aiki ya shaƙi iskar oksijin don ƙashi ya fi warkewa. Likita ya ce an daɗe ana yi, zama 20 kafin aiki da 10 bayansa, amma wani bincike da aka yi a Ingila aka fitar a 2019 ya gano cewa waɗanda suka shiga da waɗanda ba su shiga ba kusan ɗaya suke, kamar 6 cikin 100 a kowane ɓangare ƙashinsu ya mutu. Wannan lissafin ma bai ɓoye mini ba. Ya ce in je in yi shawara, don huda ƙashin shi kansa rauni ne, kuma zai iya tada abin da muke gudu. Na yi istihara, na ɗauki adashina, na sayar da sarƙa da 'yan kunne. Inshorar lafiyarmu ta wajen aiki ba ta shiga wannan ba.

Kafin aikin sai da na yi watanni ina buɗe baki. Gashi yana ƙanƙame naman tauna, lafiyayye yatsa uku yake sawa a tsaye tsakanin haƙoransa, ni biyu da ƙyar. Katakon danne harshe nake jerawa in cusa, ina ƙara ɗaya in an kwana biyu. An gwada suga, an yi sikanin ƙashin, sannan a 2021 aka yi aikin da allurar kashe zafi, ina ji ina gani. Ya binne ƙusoshin ƙarƙashin dasashi ya ɗinke. Ga sauran mutane wata uku ake jira a muƙamuƙin ƙasa, ni wata shida ya sa na yi, kuma makonnin farko ya hana ni sa robar sam. Da ya buɗe ya gwada su, duk biyun sun kama. Ranar da aka danna haƙoran suka ce ƙas, na karanta Fatiha a mota da ƙarfi, siraɗal ta fito daidai.

Mutane suna ɗauka a nan labari ya ƙare, tunda ƙarfe ba ya ruɓewa. Ƙarfen ba ya ruɓewa, amma naman da ya zagaye shi da ƙashin da ya riƙe shi suna kamuwa. Haƙorin Allah yana da wasu zaruruwa da suka ɗaure shi da ƙashi, masu jini da jijiyar ji, su ne suke sa mutum ya san wani abu ya taɓu. Ƙusa ba ta da su. Datti zai taru a wuyanta, dasashi ya kumbura, ƙashi ya fara janyewa, mutum bai ji komai ba. A bakin da ba yawu kuma dattin ya fi saurin taruwa.

Ya same ni a 2023, bayan azumi. Azumi yana da wuya ga irinmu. Na tambayi malamai, kurkure baki a tofar ba ya karya shi, kuma mara lafiya yana da rangwame, amma duk da haka baki yana wuni a bushe. Na ga ɗan jini a buroshi ta gefen ƙusar hagu, ba zafi ba kumburin a zo a gani. Likita ya zura siririn ma'auninsa, jini ya biyo, hoto ya nuna ƙashi ya ɗan sauka a gefe ɗaya. Ga kuma farin fangas a ƙarƙashin robar. Ya wanke gindin ƙusar, ya ba ni maganin fangas, ya rage gefen robar da yake danna wurin, ya mayar da ganinmu duk wata uku maimakon shida. Ya ce in a nama kaɗai kumburin yake yana warkewa sarai, in ya ci ƙashi kuwa abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsayar da shi. A bakina kuma cire ƙusar da ta lalace wani sabon rauni ne a gasasshen ƙashi, shi ya sa ba ma jira. Tun daga nan hoto bai nuna ya ƙara sauka ba.

Yanzu bayan kowane cin abinci ina cire haƙoran in wanke su, in zagaye kowace ƙusa da ƙaramin buroshi mai tsinin kai. Da dare ba na kwana da su. Asuwaki ina yi a haƙoran sama don sunna, amma ba na kai shi gindin ƙusa, zarensa yana maƙalewa. Maganin kurkure baki mai giya a ciki yana ƙona ni, na bar shi. Cingam mara sukari yana ɗan taso da abin da ya rage na yawu. Robar da take cikin maɓallan tana saki, ana canza ta lokaci-lokaci, ita ma kuɗi ce. Tuwo, shinkafa, nama mai laushi, duk ina ci. Kilishi da rake sai dai kallo, kuma ban yi kewar rake ba.

In na je asibiti matan da aka rubuta wa gashi sukan zauna kusa da ni, wata ma'aikaciyar jinya ce take turo su. Ina cire haƙoran in nuna musu, don magana ba ta shiga kamar gani. Ina ce musu su je sashen haƙori tun kafin a auna musu robar fuska, ko ba a tura su ba, kuma su karɓi takardar da ta nuna yawan gashin da inda ya sauka su adana. Maza kuma ina gaya wa matansu maganar taba, don mai shan ta likitanmu ba ya ma fara yi masa dashe. Wasu suna tambaya ko su ma za a iya yi musu. Ina ce musu takardarsu ce za ta faɗa, don na san wadda nata ciwon a ƙarƙashin harshe yake, haɓarta ce ta sha gashi mafi yawa, aka ce mata a'a, kuma ina ganin an yi mata adalci.

A zuwana na ƙarshe an ga wani turmi na sama ta dama ya fara baƙi a wuya, a daidai yankin da hoton tsarin gashin nan mai launi-launi ya nuna ja. Likita ya ce ba za a cire shi ba. Za a kashe jijiyarsa a cike saiwar, in kan ya karye a goge shi daidai da dasashi a bar saiwar a cikin ƙashi. Matsalar ita ce bakina ba ya buɗewa yadda kayan aikin za su kai can baya, don haka na koma kan katakon danne harshe safe da yamma kafin ranar da aka ba ni.